Matar Yayana 'yar Tailan ce, Baba ya ce a yi mata fasfon Najeriya (zare)

1/
Aure ba ya ba da fasfo. Ku fara ajiye wannan a gefe. Mutane da yawa, har da masu digiri, sun ɗauka da zarar ɗan Najeriya ya auri baƙuwa shi ke nan ta zama 'yar ƙasa, sai dai a kai ta ofis a ɗauki hoto a miƙo mata koren littafi. Gidanmu mun fi shekara biyu a kan wannan magana. Zaren da tsawo, mai ƙaramin data ya yi haƙuri.

2/
Mu 'yan Cheberu ne, ƙasar Gwandu a jihar Kebbi. Babban yayanmu yana zaune a Bankok tun 2016. Kaya yake saya wa 'yan kasuwar Kano da Sakkwato a kasuwar Pratunam, riguna da takalma da jakunkuna, ya ɗaure ya turo. Ba shi kaɗai ba ne, akwai Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma da dama a can, wasu a harkar tufafi, wasu a harkar duwatsu masu daraja a Chanthaburi.

3/
A 2022 ya kira ya ce ya samu mata. 'Yar Tailan. Inna ta yi shiru, can ta ce, "Ƙasar shinkahwa?" Iyakar abin da aka sani game da ƙasar a gidanmu ke nan: sunan da ake gani a jikin buhu. Kuma ku tuna mu Kabawa ne masu noman shinkafa, kusan kishiya muka ɗauki ƙasar tun kafin mu haɗa zuri'a da ita.

4/
Tambayar Baba ɗaya ce: tana salla? Tana yi. 'Yar lardin Pattani ce, can kudu wajen iyakar Malesiya. Pattani da Yala da Narathiwat yawancin mutanensu Musulmi ne, harshensu na gida Malayanci ne, kuma suna rubuta shi da baƙaƙen Larabci kamar yadda kakanninmu ke rubuta ajami. Har makarantun kwana na addini gare su, suna ce musu pondok, kusan tsangayarmu. Da Baba ya ji haka ya sa albarka.

5/
An ɗaura aure a masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, komai daidai. A wajen Allah an gama. A wajen hukuma ba a ma fara ba.

6/
Don Yaya ya samu izinin zama a matsayin mijin 'yar ƙasa, sai an yi rajistar auren a ofishin gunduma. Kafin su yi, suna son shaidar cewa ba shi da wata mata, don dokar aure ta gwamnatin Tailan mace ɗaya ta sani. Nan aikina ya fara. Ni ce 'yar jami'a a gidan, ni ce mai waya mai intanet, don haka duk wata takarda da ta taso kaina take faɗowa.

7/
Ga yadda takarda ɗaya ke tafiya: a yi rantsuwa a kotu a nan gida, a kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatimi, a aika Bankok, ofishin jakadancinmu ya ba da tasa shaidar, a fassara zuwa harshen Tailan, sannan ma'aikatar harkokin wajensu ta tabbatar da fassarar. Kowane hatimi yana tabbatar da hatimin da ya gabace shi ne. Babu wanda ke tabbatar da cewa mutanen nan biyu suna son juna.

8/
Sun samu takardar auren. Da ita Yaya ke sabunta izinin zamansa duk shekara, kuma ba kyauta ba: sai ya nuna baht 400,000 a banki ko kuɗin shiga baht 40,000 a wata, sannan duk kwana 90 ya sanar da hukumar shige da ficensu inda yake zaune. Mai mata 'yar ƙasa, mai 'ya 'yar ƙasa, amma har gobe baƙo ne. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

9/
A 2023 Allah ya ba su 'ya mace. Yaya ya turo hoton takardar haihuwa a guruf ɗin gida na WhatsApp. Ƙanena ya leƙa ya ce an yi kuskure, an rubuta 2566. Ba kuskure ba ne. Tailan da kalandar Buda suke aiki, tana gaban ta Miladiyya da shekara 543. Anti kanta a takardarta 2540 aka haife ta, wato 1997. Inna ta ce to su a can har tashin kiyama ya kusa.

10/
Haihuwar nan ce ta tayar da maganar fasfo. Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, ga ido ya fara rauni. Ya ce yana son ya ga jikarsa da uwarta a tsakar gidansa. Yaya ya ce sai an nema musu biza. Baba ya ce, "Biza ta mi? Ba matakka ta ba? Mi ka hana a yi mata takarda irin taka?"

11/
Kada ku yi wa Baba dariya. A duniyar da ya tashi, maganarsa ce daidai. Kakarmu ta wajen uwa daga ƙasar Dosso aka auro ta. Ba fom, ba hoto, ba hatimi. Aka kawo ta, ta haihu, ta tsufa, ta rasu, aka binne ta a nan, ba wanda ya taɓa ce mata baƙuwa. Duk wanda ya san Kamba da Gaya ya san iyaka a wajenmu layi ne da Ingila da Faransa suka ja a tsakiyar dangi.

12/
Sai na zauna na karanta Babi na 3 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, sashe na 25 zuwa 32. Shafuka kaɗan ne, kuma kyauta yake a intanet. Wallahi duk mai niyyar auren nesa ya karanta shi kafin ya kai kuɗin gaisuwa. Hanya uku ce ta zama ɗan Najeriya: haihuwa, rajista, da kuma neman zama ɗan ƙasa bayan dogon zama.

13/
Jaririyar tata mai sauƙi ce. Sashe na 25 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, in dai ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ba roƙo za ta yi ba, haƙƙinta ne. Tailan ma ta ɗauke ta 'yar ƙasa saboda uwarta. Kuma sashe na 28 bai hana ɗan ƙasa ta haihuwa riƙe ƙasa biyu ba.

14/
A kan takarda, yarinyar nan da aka haifa a asibitin Bankok tana iya neman gwamnan Kebbi in ta girma, har ma shugaban ƙasa, don kujerun biyu sai ɗan ƙasa ta haihuwa. Uwar da ta haife ta kuwa ko ta yi shekara hamsin a Cheberu ba za ta hau su ba.

15/
Ita Anti sashe na 26 ne nata. Ya ce matar da ta auri ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya NEMAN a yi mata rajista. Ku lura da kalmar. Ba aure ke mayar da ita 'yar ƙasa ba, aure ƙofa kawai yake buɗe mata ta nema. Shugaban ƙasa ne ke amincewa, kuma sai ya gamsu da abu uku.

16/
Na ɗaya, mai halin kirki ce. Na biyu, ta nuna a fili tana da niyyar mayar da Najeriya mazauninta. Na uku, ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema, ta shafinta na intanet, a haɗa takardar aure da shaidar cewa mijin ɗan ƙasa ne da masu tsaya mata. Jami'an tsaro su bincika, kwamiti ya zauna, sannan a kai gaba.

17/
Kuma ba kullum ake bayarwa ba, tarawa ake yi a yi biki. A Satumba 2022 marigayi Shugaba Buhari ya ba baƙi 286 takardar zama 'yan ƙasa a taro ɗaya a Abuja. Sai mace ta karɓi wannan takarda tukuna ake maganar fasfo. Hukumar shige da fice ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, littafi take ba wanda ya riga ya zama.

18/
Sharaɗi na biyu shi ne ya tsaya mana a wuya. Niyyar zama a Najeriya. Yaya a Bankok yake, kasuwarsa can, hayarsa can. Anti tana da aikinta, mahaifiyarta na Pattani ba ta da cikakkiyar lafiya. Zuwa gida suke son yi su ga dangi su koma. Yaya za a yi mace ta rantse tana nufin zama a ƙasar da ko sau ɗaya ba ta taɓa takawa ba?

19/
Wannan shi ne abin da mazauna waje ba sa ganewa. Su suka fi kowa son a yi wa matansu fasfo don tafiya ta yi sauƙi, kuma su dokar ta fi nisa da su, don ba don matafiya aka yi ta ba. An yi ta ne don matar da ta tattaro kayanta ta dawo.

20/
Da na yi wa Baba bayani bai ce komai ba. Amma magana ba ta kwana a gida ɗaya a ƙauye. Bayan 'yan kwanaki wani kawunmu ya zo ya ce ya san mutum. Kowa a Najeriya ya san mutum. Ya ba ni lamba ya ce in kira, tunda ni ke jin Turanci.

21/
Mutumin ba ma'aikacin ko'ina ba ne, irin masu zaman shagon kwamfuta ne da ke cika wa mutane fom. Ya saurare ni tsaf, ya yi dariya ya ce, "Hajiya ƙarama, ke kin ɗauko ta da nisa. Wa ya ce sai an ce daga waje take?" Tsarinsa: a samo takardar asali daga wata ƙaramar hukuma, a yi rantsuwar shekaru a ce a nan aka haife ta, a sa mata suna irin namu, a yi lambar NIN, sai fasfo. Ya faɗi kuɗinsa.

22/
Na ce masa matar nan ko "ina kwana" ba ta iya ba, kuma duk wanda ya kalli fuskarta ya san ba daga nan take ba. Ya ce ai hijabi za ta sa, in an yi tambaya a ce ba ta ji sosai. Wallahi haka ya ce.

23/
Abin da ya fi ba ni tsoro ba maganarsa ba ce, yadda ta samu karɓuwa a gida ne. Kawu ya ce ai ba sata ba ce, matar ɗanmu ce. Wata gwaggo ta ce mutane nawa suka yi haka suka zauna lafiya. Har Yaya ya yi kwana biyu yana jujjuya abin, don kuɗin biza da wahalarta sun ishe shi, ga Baba kullum yana tambaya. Ba mugaye ba ne. Tsoho suke tausayi.

24/
Ni dai na ce ba da hannuna ba. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta mayar da yin ƙarya don samun fasfo laifi, haka riƙe fasfon Najeriya ga wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma akwai ɗauri a ciki. Wanda za a kama ba mai shagon kwamfuta ba ne. Ita za a tsayar a filin jirgi, mace baƙuwa da goyo, da yatsunta goma a na'ura ƙarƙashin suna biyu da wurin haihuwa biyu.

25/
Sannan ku duba 'yar. Takardar haihuwarta ta ce uwarta 'yar Tailan ce haifaffiyar Pattani. In wata takarda ta fito ta ce uwar haifaffiyar Kebbi ce, wacce za a yarda da ita? Yarinyar da haƙƙinta yake a tsaftace, mu da kanmu mu zuba masa ƙasa. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma wannan kam da ta yi 'ya'ya, a kan jaririya za su zubo.

26/
Duk wannan cacar baki da ake yi, ba wanda ya tambayi mai abin. Sai da na kira ta. Tsakaninmu awa shida ne, in mun yi azahar su sun yi isha'i. Da guntun Turancinta da nawa muke magana, in ya ƙi mu koma Google Translate. Na ce, "Anti, ke kina son fasfon Najeriya kuwa?"

27/
Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce tana son ta ga Baba da Inna, tana son 'yarta ta san inda ubanta ya fito. Amma tana jin tsoro. Mahaifinta ya bar musu 'yar gonar roba a Pattani, kuma a Tailan baƙo ba ya mallakar fili. Duk abin da zai taɓa matsayinta na 'yar ƙasa a can, gonar zai taɓa, kuma da gonar ake kula da mahaifiyarta.

28/
Na gaya mata abin da sashe na 28 ya ce: wanda aka yi wa rajista, in ƙasarsa ta farko ta haihuwa ce, Najeriya ba ta tilasta masa ya bar ta. Ta ce ta ji. Sai ta ce, "Mijina shekara nawa a ƙasarmu, ba wanda ya ce ya zama ɗan Tailan kafin ya zama mijina. Me ya sa ni sai na zama 'yar Najeriya kafin in zama surukarku?"

29/
Na kai wa Inna maganar kamar yadda aka faɗa. Ta ce, "Wagga ɗiya tana da hankali." Ita ta shawo kan Baba, ba ni ba. Ta tuna masa uwarta har ta rasu in an tambaye ta cewa take ita mutuniyar Dosso ce, kuma bai hana ta zama uwar gida ba. Daga ranar aka daina kiran mai shagon kwamfuta.

30/
Ashe kundin ma ya san da irin Anti. Sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa ikon ba da matsayi na musamman, da cikakken izinin zama, ga mata ko mijin ɗan Najeriya da ba ya son karɓar zama ɗan ƙasa. Wato kina iya zama a nan da mijinki, ki riƙe fasfonki na gida. Matan waje da ke auren 'yan Najeriya har ƙungiya gare su, Nigerwives, kuma da dama cikinsu da takardar zama suka tsufa a nan.

31/
Amma shi ma na mai zama ne. Mai zuwa ziyara biza kawai za ta nema. Haka aka yi. Yaya ya rubuta takardar gayyata, aka haɗa da takardar aure da aka fassara zuwa Turanci aka buga wa hatimi, da allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Shi ma da katin yake shiga Tailan, don suna neman sa a hannun wanda ya fito daga Najeriya.

32/
Wata shawara a nan, kyauta: ku duba yadda aka rubuta sunanku a kowace takarda. Suna irin Muhammad, a fasfo a rubuta shi iri ɗaya, a takardar makaranta wani iri, sannan a juya shi zuwa baƙaƙen Tailan a sake juyo shi, sai ya dawo ba ka gane shi ba. Fassarar takardar auren sau biyu aka yi saboda harafi ɗaya.

33/
Ƙarshen 2025 suka taso. Bankok zuwa Addis Ababa, Addis zuwa Kano, sannan mota ta Gusau da Sakkwato har gida. Yarinyar da fasfon Tailan ta shigo, da biza a ciki kamar uwarta. 'Yar ƙasa ta haihuwa, an ba ta izinin kwanaki ta ziyarci ƙasarta.

34/
Ba zan iya kwatanta muku shigowarsu ba. Baba ya sa aka ɗora masa ita a cinya, ya kusanto da fuskarta dab da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo. Ya ce goshin na gidanmu ne. Ya tofa mata addu'a. Ita kuwa gemunsa take ja. Matan unguwa sun cika tsakar gida, wasu har kan katanga, kowa na son ganin 'yar Tailan.

35/
Salla ce ta fara haɗa su da Inna. Mutanen Pattani Shafi'iyya ne, mu Malikiyya. Inna ta zauna a gefe tana kallon yadda take ɗaura hannu a ƙirji da yadda take zaman tahiya. Da ta sallame ta ɗauko Alƙur'ani ta karanta, Inna ta ji ƙira'a tsaf ba gargada. Ta juyo ta ce mini, "Ke da ke jami'a, kin iya haka?" Ni aka ci tara.

36/
Sai shinkafa. Ƙanena ya je ya nemo mata 'yar waje wai don ta ji kamar tana gida. Ta duba ta yi dariya ta ce su ba sa cin wannan. Turararriyar shinkafar da aka yi shekaru ana shigo mana da ita don kasuwar waje suke yin ta, su tasu mai ƙamshi suke ci, hom mali. Ta fi son ta gida, ta fadamarmu. Baba ya ji daɗin wannan fiye da duk wata takarda.

37/
Daddawa ma ba ta ba ta tsoro ba. Ta ce suna da wani abu wai shi budu, kifi ne ake jiƙawa da gishiri ya yi watanni, warinsa ya fi na daddawa. Fura ce dai har ta tafi ba su shirya ba.

38/
A zuwan nan aka yi wa yarinyar nata. Aka fara da NIN, don yanzu ba a fasfo sai da ita. Na cika fom a intanet, aka biya, aka ba da rana, muka je Birnin Kebbi da takardar haihuwarta da fassararta, da fasfon ubanta, da takardar amincewar iyaye. Aka ɗauki hoto. Ta yi kuka kamar za a yanka ta, sai a karo na huɗu hoton ya yi.

39/
Ga mai son sanin kuɗi: daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne a cikin gida, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Shekara ɗaya kafin nan rabin haka ne. Mazauna waje dala 150 da dala 230 suke biya. Ku biya ta shafin hukumar da kanku. Duk wanda ya ce ku ba shi a hannu, kuɗinsa ya ɗora a kai.

40/
Ranar da littafin ya fito Baba ya riƙe shi yana shafawa. Bai iya karanta boko ba, sai ya ce in nuna masa inda aka rubuta ƙasarta. Na ɗora yatsansa a wurin. Anti na tsaye da nata littafin mai ruwan goro a jaka, ba wanda ya sake tayar da maganar.

41/
Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai, kuma ba a kan Anti ba ne. Ina da yaya mace da ke aure a Jega. Mijinta mutumin Gaya ne a Nijar, shekararsa goma sha biyu a Kebbi. Hausarsa ta fi tawa, yana da shago, yana biyan haraji, 'ya'yansu huɗu duk 'yan Najeriya ne ta wajen uwarsu. A zaman da aka yi ana hirar fasfon Anti ya ce, "To ni fa?"

42/
Shi babu. Sashe na 26 cewa ya yi MACE da ta auri ɗan Najeriya. Namijin da ya auri 'yar Najeriya ba ya ciki. Shi sai sashe na 27: zaman shekara 15, sai gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar da yake zaune da su sun karɓe shi kuma ya saje da su, da sauran sharuɗɗa. Aurensa da yayata ko rana ɗaya bai rage masa ba.

43/
Ku auna. Anti da ta yi sati biyar a Najeriya, da za ta ce ta dawo da zama, ƙofa a buɗe take. Shi da ya binne iyayen gidansa a nan, yake salla sahu ɗaya da Baba, sai ya cika shekara 15. Bambancin kawai: ita ɗan gidan ta aura, shi 'yar gidan ya aura.

44/
An so a gyara. A 1 ga Maris 2022, lokacin gyaran kundin tsarin mulki, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin da zai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama, aka kayar da shi tare da wasu ƙudurori na mata. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa. Majalisar Wakilai ta ce za ta sake dubawa. Har yau sashen yana nan yadda yake.

45/
Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: in aka buɗe ƙofar, baƙi za su riƙa auren matanmu don takarda. To maza ba a aurensu don takarda? Ai shi ya sa aka sa bincike da kwamiti. Abin da ya isa ya tace mace ya isa ya tace namiji. Kuma Nijar da muke rainawa ta gyara tata dokar tun 2014, mace 'yar Nijar tana iya ba mijinta baƙo ƙasarta.

46/
Da can wannan ba ya damun kowa a yankinmu, saboda ECOWAS ta ba mu shiga da fita ba biza. Amma mun ga an rufe iyaka a Agusta 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, kuma a Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Mutumin da jiya ɗan uwa ne, yau ana iya tambayarsa takarda a shingen hanya.

47/
Lokacin rufewar 2023 mahaifiyarsa ta yi ciwo a Gaya. Tafiyar da ba ta kai yini ba, sai da ya yi ta a ɓoye ta hanyar daji, kuma yayata ta yi kwana tara ba ta barci don ba ta san ko zai iya dawowa wajen 'ya'yansa ba. Ita ba ta auri ɗan Tailan ba. Ɗan ƙetaren iyakar Kamba ta aura.

48/
Su Yaya sun koma Bankok. Yarinyar ta fita Najeriya da koren littafinta, ta shiga Tailan da na uwarta. Anti ta ce in Allah ya sa wata rana sun dawo gida da zama, a lokacin za ta zaɓa tsakanin sashe na 26 da na 32, da bakinta. Shi kuma mijin yayata ya ba ni aiki: in fara tara masa rasit ɗin haraji da takardun hayar shago na duk shekarun nan a fayil ɗaya. Saura masa shekara uku.